Matakan Ƙamshi Uku da Yadda Ake Zaɓen Turaren Mai

Turaren mai da aka haɗa da kyau yana sauya ƙamshi a jikin mai shi tun daga lokacin da aka shafa shi har ya gushe. Abin da hanci ya ji a minti biyar na farko daban yake da abin da zai ji bayan awa ɗaya, wanda zai kwana a wuyan riga kuma daban. Masu haɗa turare sun kasa wannan sauyi gida uku: matakin sama, matakin tsakiya da matakin ƙasa. Shi ya sa ake ganin jeri uku na sunayen furanni da itatuwa a bayan kwalin turare da yawa, wani lokaci cikin zane mai siffar dala, tsini a sama, faɗi a ƙasa. Yawancin masu saye ba sa duba wannan jeri. Sukan buɗe kwalba, su sunsuna bakinta, su biya, alhali abin da ke tasowa daga bakin kwalba shi ne kason da ya fi saurin gudu cikin duk abin da suka ba da kuɗinsu a kai.

Dalilin sauyin yana cikin nauyin sinadaran. Hanci ba ya jin ƙamshin abu sai ƙananan ƙwayoyinsa sun rabu da shi sun bi iska sun shiga cikinsa. Kowane man da aka tatso daga tsiro tarin sinadarai ne, wasu sakayau, wasu masu nauyi. Limonin, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin man ɓawon lemu, yana tafasa a wajen digiri 176 a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa santalol na itacen sandal sai zafi ya kai kusan digiri 300. A ɗumin fatar mutum babu wanda zai tafasa a cikinsu, amma tazarar tana nan: na farko yana barin fata cikin hanzari, na biyu yana jan ƙafa. Duk wanda ya taɓa ganin fetur da baƙin mai sun zube a garejin makanike ya ga wannan bambanci, domin kafin a juya fetur ya bushe, baƙin mai kuwa yana nan har mako ya zagayo.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a kawar tun a nan. Matakan ba layi suke bi ba, wani ya gama wani ya shigo. Duk sinadaran suna tashi tare tun daga ɗigon farko, sai dai marasa nauyin suna tashi da yawa a lokaci guda, su danne sauran. Idan sun ƙare sai na tsakiya su bayyana, idan su ma sun yi rauni sai a ji na ƙasa, waɗanda dama can suna nan.

Sana'ar haɗa turare ta girmi wannan rabe-rabe nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta littafi kan haɗa turare da tace shi, mai ɗauke da hanyoyin haɗi sama da 100. Jera ƙamshi daga sama zuwa ƙasa kuwa ya samo tushe ne a shekarun 1850, lokacin da wani mai turare na Landan, Septimus Piesse, ya jera ƙamshi iri-iri a kan ma'aunin sautin kiɗa, masu kaifi a sama, masu kauri a ƙasa. Daga baya Jean Carles na garin Grasse a Faransa, wanda ya buɗe makarantar koyar da haɗa turare a 1946, ya mai da tsarin hanyar koyarwa. Almajiransa sukan fara gini ne daga ƙasa, su ɗora tsakiya, sai a ƙarshe su sa na sama. Mai saye kuwa ta sama yake farawa, kuma sau da yawa a nan yake tsayawa.

Matakin sama

A nan ake samun dangin lemu: lemun tsami, lemun zaƙi, da bagamot, wani lemu mai ɗaci da ake nomawa a yankin Kalabiriya na kudancin Italiya saboda man ɓawonsa kawai. Akwai na'a-na'a, da ciyawar lemu da ake dafa shayi da ita, da wani kaso na ƙamshin citta da labanda. Ƙamshi ne mai kaifi da sanyi, mai wartsake hanci, wanda yakan ɗauki minti 10 zuwa 30 ya tafi. Aikinsa buɗe ƙofa da jawo hankali, kuma kamfanonin turare sun san cewa a wannan ɗan taƙin ake yanke shawarar saye, saboda haka sukan ƙawata shi fiye da kima.

Matakin sama ba abin rainawa ba ne. A tsakiyar bazara, sa'ad da zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, babu abin da ya kai ƙamshin lemu da na'a-na'a daɗi a jiki. Sai dai wanda ya sayi man da kusan dukkansa lemu ne ya san cewa zai riƙa sake shafawa. Idan kuma aka ce ga turaren lemu zalla na asali da ke wuni a jiki tun safe har isha'i, to akwai wani abu a cikinsa da ba daga ɓawon lemu ya fito ba, domin man lemu na gaskiya ba shi da wannan juriya.

Matakin tsakiya

Wannan shi ne fuskar turare, abin da mutane za su ji idan an shiga taro ko an zauna a sahu. Yana bayyana sosai bayan kamar rabin awa, ya riƙe awa 2 zuwa 4. Furanni da kayan yaji ne suka mamaye shi.

Sarkin furannin shi ne wardi. Ana noma irin da ake tatsa a kwarin Kazanlak na Bulgeriya, da Isparta a Turkiyya, da Iran, da kuma tsaunukan Ɗa'ifa a Saudiyya, inda kakarsa 'yan makonni ce kawai a wajen Maris da Afrilu. Da sassafe ake tsinke shi, kafin rana ta kwashe man. A zuba furen a tukunya da ruwa a hura wuta, tururin ya bi bututu ya huce ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Ana buƙatar tan 3 zuwa 4 na fure kafin a sami kilo 1 na mai. Masu turaren Gabas suna awo ne da tola, wadda ta kai giram 11.66, wato tola guda ta man wardi tsantsa ta lashe kusan kilo 40 na fure. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa kwalbar wardi da ake sayarwa a farashin kwanon shinkafa ba tsantsar man fure ba ce. Wardi na asali kuma ba zaƙi zalla ba ne. Yana da ɗan ɗanye-ɗanyen ganye, da alamar zuma, da ɗan yaji a ƙarƙashi, yana kuma juyawa a fata. Na haɗin masana'anta mai arha yakan tsaya cak a kan zaƙi ɗaya kamar na sabulu.

Yasmin na biye da shi. Masar da Indiya ne manyan masu samar da shi, kuma cikin dare ko da asuba ake tsinkarsa domin a lokacin ne furen ke buɗewa. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna indol, wanda idan ya yi yawa yake komawa ɗoyi, idan kaɗan ne kuma shi ke ba yasmin wannan nauyi da ɗumi da ake sonsa dominsu. Wasu masu saye sukan ji wannan ɗan bashi-bashi su zaci turaren ya lalace, alhali sau da yawa alama ce ta na asali. Furen lalle ma na cikin wannan mataki. Duk wanda ya wuce gonar lalle da yamma lokacin da ya yi fure ya san ƙarfin ƙamshinsa, kuma a Indiya ana tatsar turare daga gare shi.

Kayan yaji kuwa sanannu ne a kowane madafi: kanumfari, wanda ake kawowa daga Zanzibar da Madagaska da Indunusiya, kirfa, da za'afaran. Su ne ke ɗumama haɗi, su ƙulla furanni da itatuwa. Ɗan kaɗan ya wadatar, domin kanumfari idan ya yi yawa yakan shanye komai.

Matakin ƙasa

A turaren mai, nan ne dukiyar take. Itatuwa, saiwoyi, ƙaro da abubuwan da ake samu daga dabbobi su ne ke wannan mataki, suna riƙe awa 6 zuwa sama a fata, a tufafi kuma har kwanaki. Suna da aiki na biyu da ba kowa ya sani ba: suna kama sinadarai marasa nauyi su rage musu gudu. Wardin da aka ɗora a kan sandal ya fi wardi shi kaɗai daɗewa.

Masu turaren garin Kannauj na jihar Uttar Pradesh a Indiya sun gina sana'arsu kacokan a kan wannan sani. Suna dafa fure a manyan tukwanen tagulla da aka liƙe bakinsu da laka, tururin ya bi ta gorar da aka fafe ya sauka cikin wata tukunya mai dogon wuya da ke zaune a ruwan sanyi, wadda tuni aka zuba man sandal a cikinta. Kullum a kawo sabon fure a maimaita, har man ya ƙoshi da ƙamshi. Irin wannan turare kusan ba shi da matakin sama, fure ne a kan itace kawai. Da wannan dabara har ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko suke kamawa, ta hanyar dafa gasasshen yumɓu. Tsadar sandal ta sa da yawa a yanzu suna maye gurbinsa da man farafin, wanda ba shi da ƙamshi kuma ba ya ƙara wa furen komai.

Sandal mafi daraja shi ne na yankin Maisur a kudancin Indiya, wanda Sarki Tipu Sultan ya ayyana a matsayin itacen sarauta a 1792. Man yana tsakiyar gungumen ne da saiwarsa, kuma itacen kan shekara 15 ko fiye kafin ya tara abin kirki. Sare shi ba ƙaƙƙautawa ya sa ya yi ƙaranci, yanzu kaso mai yawa na sandal ɗin kasuwa daga gonakin Ostareliya yake fitowa. Ƙamshinsa mai laushi ne, da maiƙo-maiƙon madara, ba ya ihu. Sandal ɗin da ya cika ɗaki da zarar an buɗe kwalba abin tuhuma ne.

Udu labarinsa daban. Itacen da ke ba da shi, wanda ke tsirowa daga Asam ta Indiya da Silhet ta Bangaladash har zuwa Kambodiya, Biyetnam, Malesiya da Indunusiya, fari ne marar ƙamshi idan yana da lafiya. Sai ya ji rauni, fumfuna ta shige shi, sannan yake fitar da baƙin ƙaro don kare kansa, wannan ɓangare da ya jiƙu da ƙaro shi ne udu. A daji itatuwa kaɗan ne ke kamuwa, shi ya sa aka yi ta sare su ana lalube har suka kusa ƙarewa. A 1995 yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta sa babban nau'insa cikin jerin waɗanda sai da izini ake fitar da su, daga baya aka haɗa da sauran danginsa. Yawancin na yau daga gonaki yake, inda ake huda itacen a sa masa cutar da gangan.

Babu turaren da ya kai udu nuna amfanin haƙuri. Na Indiya yakan buɗe da wari mai kama da na turken dabbobi ko fatar da aka jeme, har wanda bai saba ba ya kawar da kai. Bayan awa ɗaya sai warin ya kwanta, itace da zuma da ɗan hayaƙi su fito, su zauna har dare. Na Kambodiya ya fi sauƙin shiga rai, yana da zaƙin busassun 'ya'yan itace tun daga farko. Wanda ya yi wa udun Indiya hukunci a bakin kwalba zai bar abu mai kyau a kanti. Akasin haka ma na faruwa: haɗin da ya buɗe da daɗi, ya ƙare da ƙauri mai sa ciwon kai.

Wasu daga cikin kayan wannan mataki ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Jema, wadda mata ke jefa saiwarta a randa don ta ƙamsasa ruwa, 'yar'uwa ce ta kusa ga ciyawar da ake tatsar man saiwarta a Haiti da Jawa da Indiya, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɗan hayaƙi. Kajiji ma saiwa ce mai irin wannan zurfi. Hano ko ararraɓi ɗan gida ɗaya ne da itacen lubban na Oman da Somaliya. Sai faculi, ganyen da Indunusiya ta fi kowa nomawa, wanda ƙamshinsa mai duhu ne da danshi. Masu haɗa humra a Borno da Cadi da Sudan sun daɗe da sanin sirrin matakin ƙasa ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Farcen da suke sawa murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku. Sai an wanke shi an kankare an soya don ƙarninsa ya fita, sannan a daka a haɗa da sandal da mahlab da kanumfari da miski, a rufe a bar shi ya tsumu. Shi kansa farcen ba wani daɗi gare shi ba, amfaninsa riƙe sauran.

Miski na asali yana fitowa ne daga wata 'yar jaka a cikin namijin wata ƙaramar barewa da ke tsaunukan Himalaya da Tibet da Saberiya, kuma abin da ake samu daga dabba guda bai wuce kimanin giram 25 ba. Farautarta ta kai ta bakin ƙarewa, dokokin ƙasa da ƙasa sun taƙaita cinikin ƙwarai. Tun 1888, lokacin da wani masanin sinadarai Bajamushe, Albert Baur, ya ci karo da miskin roba yana tsakar bincike kan abubuwan fashewa, masana'antu suka koma kansa. Farin miski mai kauri da ake kira miskin ɗahara haɗin masana'anta ne, domin na barewa baƙi-baƙi ne, kuma ɗanyensa wari gare shi sai an tsarma shi ƙwarai. Haka jibda take, wadda ake kankarowa daga jikin tunkun juda, wadda fataken Kano suka yi cinikinta a da, Habasha kuma ta shahara da ita: ɗanyarta ɗoyi, 'yar mitsitsiya a cikin haɗi kuma ɗumi da armashi. Ambar ma iri biyu ne. Akwai wanda ke fitowa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku, ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa kafin igiya ta jefo shi gaɓa, wannan da wuya a gan shi a kanti. Wanda ake rubutawa a kwalabe galibi haɗi ne na ƙaro iri-iri da banila, mai zaƙi da ɗumi.

Abin da mai ke sauyawa

Turaren fesawa alkohol ne ya fi yawa a cikinsa. Alkohol na bushewa nan take, ya kwashi matakin sama ya watsa shi cikin ɗaki, shi ya sa ake jin mai fesawa tun daga nesa. Mai ba ya bushewa haka. Yana kwanciya a fata ya riƙa sakin ƙamshi a hankali, saboda haka buɗewar turaren mai ba ta da kaifi sosai, matakan suna narkewa cikin juna, kuma ƙamshin yana zama kusa da jiki. Mai saye da ya saba da na fesawa yakan ce na mai ba shi da ƙarfi, alhali tafiyarsa ce ba ta da nisa, daɗewarsa kuwa ta fi. Wannan hali, tare da ƙyamar da Musulmi da yawa ke yi wa alkohol a jiki da tufafin salla, shi ya ba turaren mai gindin zama a wannan yanki. Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 kuma ake haɗa shi a Kano, ya karɓu ne da wannan siffa ta mai marar alkohol.

Kasancewar turare na mai ba ya nufin daga tsiro ya fito. Yawancin ƙananan kwalaben da ake ɗurawa daga manyan gorunan alminiyam a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari ko Kasuwar Monday ta Maiduguri haɗin masana'anta ne da aka narkar a wani ruwa mai yauƙi marar ƙamshi. Wannan ba aibu ba ne a karan kansa. Tun da aka haɗa sinadarin kumarin a 1868 da banilin a 1874, manyan turarukan duniya suke cakuɗa na tsiro da na roba, kuma na roba ne ya rage wa barewar miski farauta. Aibin shi ne a sayar da na roba da suna da farashin na asali. Jerin matakan da ke bayan kwali na taimakawa a nan. Ba a tatsar man turare daga kankana ko tuffa ko mangwaro ko sitiroberi, balle alewa ko iskar teku. Duk kwalbar da ta jera irin waɗannan ta kuma ce tsantsar halitta ce, maganarta ta ci karo da juna. Haka nan man da aka sa wa sunan wani shahararren turaren Faransa kwaikwayo ne da sinadaran roba. Na asali na gaskiya yakan faɗi man da aka tsarma shi da shi, jojoba ko tataccen man kwakwa ko sandal, da ƙasar da kayan suka fito. Launinsa da ƙamshinsa sukan ɗan bambanta daga wannan ɗauri zuwa wancan, kamar kowane amfanin gona. Farashi ma shaida ne, tunda araha ba ta ado, ko da yake tsada kaɗai ba ta tabbatar da komai.

Gwaji

A fata ake gwada turaren mai, a tsintsiyar hannu ko bayan hannu, inda babu wani turare ko man shafawa mai ƙamshi. Ɗigo ɗaya ya isa. A dangwala shi kawai ba tare da murzawa da ƙarfi ba, domin zafin murza yana kore matakin sama da wuri. A sunsuna bayan minti 5, a sake bayan rabin awa, a sake bayan awa 3 ko 4. Wannan na ƙarshe shi ne abin da mutum zai zauna da shi, shi zai kama hula da mayafi da matashin kai. Hanya mafi sauƙi ita ce a shafa da an shiga kasuwa, a tafi sauran sayayya, a dawo. Idan turaren mai tsada ne, gara a sayi mafi ƙanƙantar kwalba, irin mai mililita 3, a yi kwanaki da ita kafin a sayi tola. Biyan kuɗin udu a minti na farko cinikin biri a sama ne.

Hanci yana gajiya. Ɗan Adam yana da na'urorin kama ƙamshi kusan iri 400 a can cikin hancinsa, binciken da ya kai ga gano su ne ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Idan ƙamshi ɗaya ya daɗe yana bugunsu sai ƙwaƙwalwa ta daina kula shi. Saboda haka turare uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya, kuma a fara da marasa nauyi, a bar udu da miski a ƙarshe. 'Ya'yan kofi da wasu shaguna ke miƙa wa mai saye ba su fi fita waje a shaƙi iska amfani ba. Wannan gajiya ce kuma ke sa mutum ya zaci turarensa ya gudu ya ƙara lafta wani, alhali na kusa da shi sun ƙoshi. Akwai ma mutanen da hancinsu ba ya kama wasu nau'o'in miskin roba sam, su ce kwalba ruwa ce, na gefensu kuwa yana jin ta sosai.

Turare ɗaya ba ya zama iri ɗaya a jikin mutum biyu. Busasshiyar fata tana sakin ƙamshi da wuri, mai maiƙo tana riƙe shi. Gumi yana taɓa shi, abinci ma haka, kamar yadda masu shan hulba suka sani, domin ƙamshinta na fita ta zufa. Yanayi ma yana da nasa hannu. Zafin bazara yana hanzarta dukkan matakan ya kumbura na ƙasa, har udu da ambar da suka yi daɗi da dare su zama abin hawa kai da azahar, musamman a cikin mota ko cunkoson masallacin Juma'a. A lokacin ne jema da sandal da wardi marar nauyi suka fi dacewa. Da hunturu fata na bushewa, sanyi kuma yana danne ƙamshi, don haka masu nauyi suke samun fili, kuma shafa man da ba shi da ƙamshi kafin turaren yana ƙara masa daɗewa. Da damina danshin iska yana ɗaukar ƙamshi ya kai shi nesa, kaɗan ya wadatar.

Fitowa daga tsiro ba ta hana abu cutar da fata. Man kirfa da na kanumfari suna ƙuna idan ba a tsarma su sosai ba. Man bagamot da na lemun tsami da aka matse daga ɓawo suna ɗauke da sinadarin da ke haɗuwa da hasken rana ya ƙona fata ya bar baƙin tabo mai daɗewa, saboda haka ba a shafa su a wuya ko hannu sannan a shiga rana, sai in an cire musu wannan sinadari. Mai saurin ƙaiƙayi ko borin jini ya fara gwada ɗigo a lanƙwasar gwiwar hannu ya jira kwana ɗaya ko biyu. Jarirai da masu asma a nisanta su da masu ƙarfi. Mai kuma yana ɓata tufafi: baƙin udu a kan farar shadda tabo ne mai wuyar fita, gara a sa shi a fata ko a cikin ɗinkin riga ta ciki.

Ajiya tana shafar matakan ba daidai wa daida ba. Zafi da haske da iska su ne ke lalata turare, kuma matakin sama suke fara ci. Man lemu yakan juya cikin shekara 1 zuwa 2, ya koma hamami, idan ya juya kuma ya fi saurin sa ƙaiƙayi. Sandal da udu da faculi da jema kuwa ƙara kyau suke yi da tsufa, kaifinsu ya kwanta. Kwalba mai duhu, a rufe gam, a cikin durowa ko akwati nesa da taga, ita ce ajiya mai kyau, gaban mota kuwa yana iya kashe turare cikin 'yan makonni na bazara. Tsinken gilashin da ke jikin murfi idan ana goga shi a fata ana mayarwa yana shigar da gumi da datti cikin kwalba, saboda haka mai babbar kwalba ya riƙa tsiyaya kaɗan a ƙarama don amfanin yau da kullum, ya bar uwar a rufe.